Kuben Barci a Raɓar Kaka

Litinin

Ruwan bana ya fara janyewa. Oktoba ta yi nisa. Hadari kan taso ta gabas da la'asar, ya yi duhu, ya yi rugugi, sannan iska ta watsa shi bai zubar da komai ba. Amma da asuba duk tsumman da aka manta a igiya sai an matse shi, don raɓar kaka ta sauka. Wannan lokacin na zaɓa in gwada abin da nake son ɗauka zuwa duwatsun Shere na Jos a watan Disamba, ni da ƙanena da abokan tafiyarmu.

Jakar barci ina da ita, ta gwanjo, mai cikin zaren roba. Abin da na rasa shi ne rigar da ake zura ta a ciki don kada ƙasa ta jiƙa ta, raɓa ta kwanta a kanta, ko ƙwaro ya shige. Masu hawan duwatsu a Turai da Amurka suna ce mata bibi, mu a gidan nan kube muke cewa. Ba tanti ba ne. Dogon buhu ne daidai tsawon mutum, ba sanda ba turke, ka shimfiɗa shi inda bayanka zai samu wuri ka shige. Marasa nauyin cikinsu ba su cika wuce giram 200 ba, masu hana ruwa gaba ɗaya kan kai rabin kilo zuwa kilo guda. Dutsen Shere ya haura mita 1,800, kuma wanda ya taɓa hawa da kaya a baya ya san kafaɗa tana lissafin kowane giram.

Ana iya yin odarsa ta intanet, in mutum ya iya da farashin dala. Ba kuɗin kaɗai ya hana ni ba. Waɗancan an yi su ne don ƙasashen da abin tsoronsu ƙanƙara ce da ruwan sama mai sanyi. Namu abin tsoron daban: sauro, raɓa, danshin ƙasa, kunama, cinnaka, sai ƙurar hunturu. Ina so a ɗinka shi a nan, daidai da daren nan.

Na shiga Kasuwar Monday ta Kakuri da hantsi, na sayi gidan sauro da dogon zif. Gidan sauron da kuɗina na saya, don wanda ake rabawa kyauta bai kamata a sa masa almakashi ba. Na ƙasa kuwa tampol ne marar kauri, na samo shi wajen masu ɗinka labulen Keke. Na sama ya fi ba ni wahala. Hanyar gwada shi ɗaya ce mai sauƙi: ka ɗora yadin a baki ka hura. In iska ta ƙi wucewa sam, zufarka ma ba za ta wuce ba. In ta wuce fuu ba tare da ka ji turjiya ba, iskar dutse za ta ratsa shi haka. Tsakanin biyun ake nema. A ƙarshe wani yadin shafi mai matsattsiyar saƙa, irin wanda ake sa wa kwat, shi ya yi.

Talata

Telan da aka kwatanta mini yana Makera, dattijo ne, shagonsa bai fi tabarma biyu ba. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne, a sashen saƙa ya yi ƙuruciyarsa har aka rufe UNTL a 2007. Na gaishe shi, na buɗe takardar da na zana. Kafin ya dubi zanen sai da ya ɗaga yadin sama ya kalle shi ta hasken ƙofa, ya ja shi a tsaye, ya ja shi a kwance, ya ja shi a karkace.

"Ɗana, wannan saƙar ta matsu, amma bakinta zai zare. Sai an kalmashe shi sau biyu, ko a bi gefen da wuta."

"To, Baba, yadda ka ga ya fi."

Muka zauna kan awo. Tsawo santimita 230, don a samu wurin tura takalmi da ƙaramar jaka a wajen kai. Faɗi a kafaɗa 90, a ƙafa 60. Bai kamata kuben ya matse jakar barci ba, domin ɗumin jakar yana cikin iskar da cikinta ya riƙe. In an danne ta, ta zama zane. Tampol ɗin ƙasa zai ɗago ta kowane gefe kamar taƙi guda, yadda ko ruwa ya malalo a ƙasa ba zai samu ɗinki ya bi ba. A kan wannan Baba ya gyara zanena da abin da ya fi shi: ya ce ba za a yanka kusurwoyi ba, naɗe su za a yi, a kama su daga sama, domin duk inda allura ta huda tampol ta bar wa ruwa ƙofa. Ya zaɓi siririyar allura da zaren roba, ya ce zai buɗa tazarar ɗinkin.

Daga kai zuwa ƙirji gidan sauro ne, da ɗan maɗauki a tsakiya inda za a ɗaura igiya a ja shi sama zuwa reshe ko sanda. Wannan maɗaukin ba ado ba ne. Raga in ta kwanta a kan fata, sauro ta kanta yake cizo. Ƙasar da ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, kamar yadda rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya suke nunawa, ba ta da dalilin yin kuben barci marar raga.

Sai ya kawo maganar launi, wadda ban zo da ita ba. Ya ce kada a yi fari fat, don mutum a kwance cikin farin buhu abin da zai faɗo wa mai wucewa a rai ba mai daɗi ba ne. Kada kuma a yi mai dabbare-dabbaren soja, don farar hula da kayan soja a shingen bincike ya jawo wa kansa dogon bayani. Nawa shuɗi ne mai duhu, ya ce ya yi.

Na daɗe a shagon fiye da yadda aikin ya buƙata. Daga bakin ƙofarsa ana hango dogayen katangun masaƙu. A unguwar nan aka buɗe Kaduna Textiles a 1957, zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila. Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya a shekarun 1960, har Kakuri ta zama inda jiniyar canjin aiki ke tashin unguwa da kwantar da ita. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002. Yau yadin da ke kan keken Baba daga Sin ya zo, tampol ɗin ma haka, zif ɗin ma haka. Hannun da ya san saƙa ne kawai na nan. Abin yana ci mini rai, don irin wannan hannun ba a dila ake shigo da shi ba, kuma masu shi suna ta tsufa.

Laraba

Ba wuta tun safe, amma keken Baba na ƙafa ne, aiki bai tsaya ba.

Da yamma wani abokin tafiyarmu ya kawo nasa kuben don mu gwada su tare. Na sojan Amurka ne, ya tsince shi a gwanjo, an yi shi da Gore-Tex. Labarin wannan yadi ya cancanci a sani. A 1969 Bob Gore ya fizgi wata roba mai zafi da ƙarfi, maimakon ta tsinke sai ta miƙe ta zama fata mai ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Kamfanin da ke yin sa yana cewa kowane rami ya fi ɗigon ruwa ƙanƙanta sau 20,000, amma ya fi ƙwayar tururi girma sau 700. Ruwan sama ba ya shiga, tururin jiki yana fita. Tun 1976 aka fara sayar da kayan da aka yi da shi.

Sai dai akwai sharaɗi. Tururi ba ya fita don kansa. Yana gudu ne daga inda iska ke da ɗumi da danshi zuwa inda take da sanyi da bushewa. In waje ma ɗumi ne da danshi, kamar daren Agusta a Kaduna, ba abin da zai tura shi. Wato yadin ya fi aiki a hunturunmu, lokacin da ba ruwan da za a tare, ya fi rauni a daminarmu, lokacin da ake neman sa. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutumin nan ya yi tunani kafin ya zuba kuɗinsa.

Alhamis

Na karɓo kuben. A sikelin mai shago ya ɗan haura rabin kilo, tampol ɗin ne ya ja nauyin. In aka naɗe shi yana shiga aljihun gefen jaka.

A tsakar gidan yayana da ke Barnawa za mu kwana, can ɓangaren da ke gangarawa zuwa kogi, inda raɓa ta fi sauka. Da a ce shekarun baya ne da mun nufi duwatsun Kajuru, mu kwana a gindin wani dutse muna hango ganuwar da wani Bajamushe ya gina. Yanzu ba mai hankalin da zai kai ƙaninsa kwana a dajin Kajuru ko Chikun don gwajin buhu. Tun kafin harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022 muka daina, bayansa kuwa ko maganar ba a yi. Mutanen ƙauyukan can da suka bar gonakinsu sun yi asarar da ta fi tamu nesa ba kusa ba. Mu yawo kawai muka rasa.

Ƙanena zai shiga na soja, ni nawa. Mun shimfiɗa su a fili, nesa da inuwar mangwaro, da gangan.

Juma'a

Daren ya yi tsit, sama garau, ba iska. Sauro ya zo tun bayan isha'i, ina jin kukansa a kan raga taƙi guda daga fuskata, bai samu hanya ba. Zuwa tsakar dare na zuge zif ɗin jakar barcin na kwanta a kanta, don ɗumin ya yi yawa. Kuben kaɗai ya isa.

Da kiran assalatu na shafa saman nawa: jiƙe yake sharkaf ta waje, ta ciki kuwa ɗan sanyi-sanyi ne kawai. Jakar ta ɗan yi danshi a wajen ƙafa. Ƙanena ya fito yana cewa, "Yaya, taɓa ka ji." Cikin nasa ruwa ne ɗigo-ɗigo tun daga ƙirji har ƙafa, bayan jakarsa ya jiƙe. Ba ta waje ruwan ya shiga ba, daga jikinsa ya fito. Mutum ko bai yi zufar da zai gani ba, a dare ɗaya fatarsa da numfashinsa suna fitar da ruwa cikin kofin shayi ko fiye. Ya kuma ce sauro ya sa shi rufe kansa ciki, don nasa ba raga, duk numfashinsa a ciki ya tsaya. Kuben tsoho ne, ramukansa sun sha datti, wannan ma ya ƙara.

Dalilin raɓar waje da ta ciki guda ne. In sama ta yi garau, duk abin da ke kallonta yana sakin zafinsa zuwa sama, har ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi. Danshin iska sai ya kwanta a kansa ta waje, tururin jiki ya kwanta a kansa ta ciki. Shi ya sa ciyawar gindin mangwaro ta wayi gari a bushe, ta fili kuwa tana ɗiga. Duk abin da ya shiga tsakaninka da sama, ganye ne ko rumfa ko leɓen dutse, ya rage maka raɓa biyu a lokaci ɗaya. Kwari da bakin rafi kuma nan iska mai sanyi ke taruwa. Ɗan tudu ya fi.

Bayan an sauko daga masallaci na tsaya wajen mai gadin layin, wanda ya ga shanyarmu ya tambaya. Dattijo ne daga ƙasar Katsina, ya yi kiwo da ƙuruciya. Na nuna masa, ya juya shi ciki da waje.

"Alhaji, ai mu da muna kiwo kabido muke sawa. Na kaba ne, ruwa ya zubo ya gangare, iska kuma tana shiga ta ƙasa. Ba ya zufa."

"Yanzu fa, Baba, da me kake kwana?"

Ya kai ni bayan rumfarsa. Kwalaye ne a ninke, tsohon bargo, sai wata babbar leda irin wadda ake naɗo sabuwar katifa a ciki. In sanyi ya tsananta, ya ce, cikinta yake shiga da bargon. Da farko ɗumi, kafin asuba bargon ya jiƙe, sanyin ya dawo ya fi na da, ya tashi da tari. Ya san leda tana zufa, ba wanda zai koya masa. Ba shi da wani abin ne.

Kwalin nan kuwa dabara ce mai kyau. Ƙasa tana jan zafin jiki fiye da iska, kuma abin da ke ƙarƙashin mutum na jaka ko bargo a danne yake, ba ya riƙe ɗumi. Kwali yana da iska a tsakanin ɓawonsa, ita ke raba ka da ƙasa. Masu tafiya suna sayen tabarmar soso don wannan aikin.

Asabar

Tun jiya maganar ledar katifa ba ta bar ni ba. Mu masu hawan dutse don nishaɗi a kudancin garin nan ba mu da yawa, kuma kwananmu a waje na 'yan darare ne a shekara. Masu kwana a waje na gaskiya su ne masu gadi a Barnawa da Narayi, 'yan dako da yaran mota a tashar Television, direbobin tanka da ke jiran lodi a hanyar Kachia, almajiran da ke kwana a barandar shaguna, da waɗanda rikici ya koro zuwa irin su Maraban Rido. Su ne Disamba da Janairu ke samu a waje kullum, lokacin da sanyin asuba ke sauka ƙasa da digiri 15 ga iska mai tsaga leɓe.

Wasu sun riga mu tunanin. A Holand wani matashi mai zanen tufafi, Bas Timmer, ya kafa Sheltersuit a 2014, bayan sanyi ya kashe mahaifin abokansa a kan titi. Riga ce mai haɗe da jakar barci, ana ɗinka ta da ragowar yadin masana'antu a raba wa marasa matsuguni. Daga baya suka fito da wani samfuri mai sauƙi, suna ɗinka shi a Afirka ta Kudu. Ba na cewa buhu zai maye gurbin ɗaki. Wanda ya sa mutum gadi, haƙƙinsa ne ya ba shi wurin fakewa na kirki. Amma hunturu ba zai jira a gyara wannan ba.

Yau hadari ya haɗu sosai. Na ɗaura ɗan tampol a karkace tsakanin mangwaro da katanga, na shimfiɗa kuben a ƙarƙashinsa.

Lahadi

Ruwan ya sauko can cikin dare, da iska, mai yiwuwa shi ne na bankwana. Rumfar ta tare na sama. Wanda ya malalo a ƙasa ya bi gefen tampol ɗin ya wuce, naɗin kusurwar Baba tela bai bar ko ɗigo ba. Feshin da iska ta kaɗo ya jiƙa saman ta wajen ƙafa, ya ɗan ratsa.

Hukuncina ke nan: kuben da ke numfashi ba ya tare ruwan sama shi kaɗai, sai da rumfa. In aka haɗa nauyin biyun an kusa kamo ƙaramin tanti. Ga wanda zai yi tafiya a tsakiyar damina, tanti ya fi masa, don a ciki zai zauna, ya canza riga, ya jira ruwa ya ɗauke. A kube kwanciya ce kawai. Amma daga Nuwamba zuwa Maris, da ba a sa ran ruwa, ban ga abin da ya kai shi ba: yana tare iska, yana ƙara ɗumi kaɗan, ƙura ba ta cika jakar, kuma in ka zuge zif ka san kunama ba za ta kwana tare da kai ba. Takalmi dai a kakkaɓe shi da safe.

Na juya shi na shanya, kafin azahar ya bushe.

Litinin

Na kai wa Baba mai gadi kuben ya kwana a ciki. Na roƙe shi abu biyu: kada ya rufe ragar da bargo, kada kuma ya kwanta kusa da wutarsa.

Talata

Iska ta juya, yau daga arewa maso gabas take, hazo ya fara rufe gadar kogi da safe.

Baba mai gadi ya ce rabonsa da barci ba sauro tun farkon damina. Amma ya kawo ƙorafi biyu, kuma duka suna da nauyi. Na farko, zif ɗin gefe ɗaya ne kuma yana cijewa. Mai gadi in ya ji motsi dole ya miƙe nan take, ba zai tsaya laluben zif ba. Na biyu, wuta. Ba mai gadin da zai yi hunturu ba ya jin ɗumi, kuma yadin roba in tartsatsi ya faɗa masa narkewa yake ya manne a fata.

Na koma Makera da maganar. Tela ya saurara har na gama, sannan ya jawo wani yadin kaki na auduga mai kauri daga ƙarƙashin tebur. Ya ce auduga ma tana ci, amma ba ta narkewa, ga ta tana numfashi fiye da kowace roba, kuma hunturu ba ruwa balle a ce za ta jiƙe. Nauyi zai ninka, sai dai mai gadi ba dutse zai hau da shi ba. Maimakon zif, gefe ɗaya zai zama buɗaɗɗe daga kafaɗa zuwa gwiwa, shafi ɗaya ya hau kan ɗaya da faɗin tafin hannu biyu, yadda da ture ɗaya mutum ya fito. Ƙasan zai yi shi ninki biyu, buɗe ta wajen kai, a riƙa zura kwali a ciki ana canzawa.

Na tambaye shi ko yaransa biyu za su iya koyon yankan. Ya ce in ya fitar da samfurin a takardar siminti, ko ba ya nan za su yanka. Mun yi ciniki a kan guda huɗu, na masu gadin layinmu da na layin baya, yayana zai biya rabi. Ya ce in turo masa Baba mai gadi gobe da hantsi ya auna shi, don ya fi ni tsawo.